Bahago da Gajerun Bindigogi

Zabairu ya zo hutu daga bariki,
ya same ni a rumfata ta Zango
ina fama da keken ɗinkin Tsahara.
Ko shayi bai kurɓa ba, ya miƙo waya:
"Kawu, dubi 'yan yayi."

Biyu ne a hoton, gajeru kamar an datse su.
Ɗaya baƙa, da mariƙi a gadon baya
irin na butar alwala.
Ɗaya koriya, sumul, roba ce duk jikinta,
ka ce gora aka yi wa hanci.

Na ce, ina gindinsu?
Ya ce, "Ai nan dabarar take.
Gidan harsashi ya koma bayan kunama,
can kusa da hammata.
Hancin bai ragu ba, jikin ne ya tsuke.
Ka shiga mota da ita, ka fito da ita,
ba ta karo da ƙofa,
ba ta tsokane idon na kusa da kai."

Na yarda da wannan.
Shekara goma sha tara na ɗauki doguwa,
ta sha bugun haƙarƙarin Mutari
a bayan mota, hanyar Tanut,
har ya raɗa mata suna Surukata.

Amma na ce, yaro, dubi hannuna.
Da wanne nake riƙe almakashi?
Ya yi shiru.
Kwanson da take tofarwa da zafinsa,
ga na-dama, gefe yake tashi.
Ga bahago fa? A kumatu zai sauka.
Ya ce, "Koriyar ana juya mata baki."
Na ce, a zaune, a inuwa, da mai gyara.
Ranar gudu wa ke jiran mai gyara?

Sai batun rairayi.
Ya ce baƙar tana da tsirfa,
ba kowane harsashi take ci ba.
Koriyar ba ta tsatsa,
sai dai in abu ya tsage a jikinta
ba maƙerin da zai taɓa ta
daga Birni har Mirya,
sai a jira jirgi.
Tawa kuwa, tsumma da ɗan man keke,
ta kwana a ƙasa ta tashi garau.
Sau ɗaya ta ƙi ni.
Ban gaya masa ranar ba.

Kuɗin fa? Ya faɗa.
Na sa ya maimaita.
Na ƙirga da jikka, yatsu suka ƙare,
na koma buhun hatsi na Kasuwar Dole,
na koma garwar ruwa a watan bazara,
lokacin da famfonmu ke tari kawai.
Guda ɗaya, in ban yi kuskure ba,
za ta shayar da layinmu har damina ta dawo.

Ya ce, "Ban da kwalliya ma:
madubin hange, fitila, ƙarin mariƙi."
Na yi dariya.
Kwalliyar tawa robar tayar keke ce
da na naɗe inda itacen ya dare,
sai wani jan zare da gyatumarka ta ɗaura
don kar in ɗauki ta wani da asuba.

"To wacce ta fi, Kawu?"
Shayin ya huce. Na mayar bisa gawayi.
Na ce, wacce za su ba ka?
Ya ce, "Ba a tambayar mu."

Tsahara ta aiko 'yarta karɓar keke.
Na taka, allura ta bi ƙyalle tiryan-tiryan.
Zabairu na kallon wayarsa,
ni ina kallon kafaɗarsa,
ƙashin wuyan nan da bai gama cika riga ba.
Mutari ma haka nasa yake.